Maƙerin da Ya Sauya wa Bindiga Harshe

Mijina Sakuzo ya yi shekara arba'in da ɗoriya hannunsa a kan bindiga, amma ko zomo bai taɓa kawowa gida ba. Matan ƙauyenmu na Hirutani sun daɗe suna tsokanata da wannan. In mazansu suka sauko daga dutse da nama, sai wata ta leƙo ta katanga ta ce, "Riyo, yau me mai bindigoginki ya harbo mana?" Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, sai in ce, "Je ki tambayi naki wa ya gyara masa abin da ya yi harbin da shi." A haka muka tsufa da su, kuma ban taɓa jin na yi asarar miji ba.

Ni 'yar Gonshiro ce, shikarin maharban kwarinmu, wato wanda in ya ce a hau dutse a hau, in ya ce a sauko a sauko. Baba gajere ne mai faɗin kafaɗa, dariyarsa a shekara ba ta fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Bindigarsa ta toka ce irin ta kakanni, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a kunna lagwani a maƙala, a yi ta lallashinsa kar ya mutu. Da ita da mashinsa ya kayar da beyar fiye da sittin, kuma ba ya son a faɗi adadin a gabansa.

Akwai wani dutse a gindin tsohuwar bishiya a ƙarshen gonakinmu. Daga nan zuwa sama, maganar ƙauye ta ƙare. Uwar Dutse, wadda maharba suka ce ita ke da dutsen da dabbobinsa, ba ta son jin ta, don haka maharba suna da nasu kalmomin: beyar ba beyar ba ce, itazu ce, bindiga kuwa shirobire. Duk maharbin da bakinsa ya suɓuce a can, tuɓe shi ake yi a bakin rafi a kwara masa ruwan ƙanƙara, tukunya guda a kan kowace kalma. Amma wannan hukunci na 'yan gida ne. In baƙo ne, kamar ɗan koli ko ma'aikacin gandun daji, ba wanda zai ɓata ruwa a kansa, hanya kawai za a nuna masa ya sauka. Wai mu mata ba mu san kalmomin nan ba. Haka mazan suka ɗauka, su da in suka sha giyar shinkafa kofi uku bakinsu yoyo yake yi.

Sakuzo ba ɗan kwarinmu ba ne. Daga ƙasar shinkafa ya hayo mana tudu, da masaba da awartaki a goye a bayansa, shekarar da tsohon maƙerinmu ya mutu. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar wanda yake gudun tada jariri. Na kai masa tukunyarmu da ta huje, ya liƙe ta. Bayan kwana biyu na kai masa lauje. Da kayan gyara suka ƙare a gidanmu, sai na ɗauki wuƙar girki mai lafiya na buga ta a dutse na kai masa. Ya juya ta, ya dube ni, ya ce, "Wannan wuƙar an zalunce ta." Mahaifiyata ce ta ƙarasa sauran zancen aurenmu.

Baba bai hana ba. Ya ce ƙauye yana buƙatar maƙeri. Bai ce shi yana buƙatar suruki ba, kuma ya tsaya a kan haka shekara goma. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "sojan nan". In garma ta karye ya ce da ni, "Kai wa sojan nan." Dalili kuwa, Sakuzo ya je yaƙin ƙetaren teku yana saurayi, kuma a wurin Baba hannun da ya taɓa auna mutum yana da wari, Uwar Dutse tana jin sa daga nesa.

Sau ɗaya tak Sakuzo ya yi min maganar yaƙin nan, muna rataye ganye a rana. Ya ce aikinsa a can gyaran bindigogi ne a bayan fage, sai wata rana mutane suka yi ƙaranci aka miƙa masa guda aka tura shi gaba. "Na harba, Riyo," ya ce, "kuma ban kuskure ba." Ya ci gaba da ratayar ganyensa. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara faɗa ba.

Shi ya sa raina ya ɓaci ranar da ya dawo daga birni da wani dogon ƙunshi a tabarma. Sojoji sun sami sababbin bindigogi, an fito da tsofaffin ana sayar wa masu sana'a, da sharaɗin a mayar da su na farauta. Ya kwance tabarmar a maƙera, ga su nan guda uku, masu sakata, irin wadda ya riƙe a can sak. An buga wa tambarin sarki mai siffar fure da ke kan ƙarfen guduma, alamar sun bar aikin soja.

"Kai yanzu duk abin da ke birni, wannan ka ga ya dace ka kwaso mana?" na ce.

"Ƙarfensu mai kyau ne."

"Ƙarfen garma ma mai kyau ne."

Ya shafa bututun ɗaya. Ya ce, "Ruwa ba ya kashe wa waɗannan wuta. Kin ga kafaɗar Baba bara."

Na ga kafaɗar Baba kuwa, ni na ɗinke ta. Ƙanƙara ce ta zubo daga reshe ta kashe masa lagwani, ya tari beyar da mashi yana da shekara sittin da huɗu.

Aikin ya ci masa damina da kaka. Ni nake ja masa zuga-zugi in ana bukata, don haka na gani da idona. A cikin bututun bindigar soja akwai wasu tsagogi da suka murɗe kamar igiya, su ne suke juya harsashi ya tafi nesa, can inda ba ka ganin fuskar wanda ka auna. Su ya fara kankarewa. Yana da wani dogon ƙarfe da ya ƙera da kansa, ya shafa mai, ya zura, ya murɗa sau biyu, ya zaro, ya share, ya ɗaga bututun ya leƙa hasken taga. Yini guda yana wannan, abin da zai fito bai cika cokali ba. Da ciki ya yi sumul, ya buɗa wurin zaman harsashi daidai da sabon kwanson tagulla, wanda maharbi zai iya ɗurawa da kansa a gida da albarushi da dunƙulen dalma. Ya yanke ƙugiyar da ake maƙala wuƙa, ya rage katakon don kar ya yi nauyi a hawa, ya goge sakatar har ta daina ƙara. Wannan na ƙarshe ya fi ba shi wahala, don ya ce beyar tana jin ƙarar ƙarfe kafin ta ji warin mutum.

Garin ƙarfen da yake kankarowa bai taɓa barin ko ƙwaya ta faɗi ƙasa ba. A wani tsohon bahon miso, daddawarmu ta waken soya, yake tarawa, ya rufe. A lokacin manyan mata suna baƙanta haƙora, kuma garin ƙarfe suke jiƙawa a ruwan tsami. Tsohuwa Naka ta maƙwabta ta zo da ƙoƙonta, shi da ba ya hana kowa komai ya ce a'a.

"To fa! Shara za ka yi min rowa?"

"Iya, ki yi haƙuri. Zan goga miki na ƙusa mai tsabta. Wannan ba ya shiga bakin mutum."

Da ta tafi tana mita na tambaye shi, ya ce, "Tsohon harshenta ne. Ban san inda zan kai shi ba tukuna."

Ranar gwaji ya ɗaure ta farko a jikin bishiyar bayan maƙera, ya ɗaura zare a kunama, muka laɓe bayan tarin itace ya ja. Kajina sun yi kwana uku ba su yi ƙwai ba. Ya duba ƙarfen ciki da waje, bai ga tsaga ba, sai ya zauna a ƙasa yana murmushi shi kaɗai. Ko a wurin gwaji zare ne yake ja masa, yatsansa bai sake taɓa kunama ba har ya bar duniya.

Samarin maharba suka yi ta zarya maƙera, wai sun zo wasa wuƙa. Ɗan kawuna Heikichi, sarkin surutu, shi ya fi kowa. Ya ɗauki bindigar ya ja sakata ya mayar, ya auna rufin ɗaki, ya ce, "Surukinmu, wannan ai ko a cikin kogi sai ta tashi!" Amma Baba ya riga ya yanke magana: ƙarfen da ya je yaƙi ba zai wuce dutsen gindin bishiya ba. Bindigogin nan uku suka yi sanyi biyu a rataye, Sakuzo yana sauke su yana shafa musu mai yana mayarwa. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Ni dai na san abin da yake so a duniya guda ɗaya ne, Baba ya miƙo hannu ya karɓi bindiga daga nasa hannun. Abin yana cina, ina ganin mutum biyu da nake ƙauna, ɗaya da taurin kai, ɗaya da haƙurin da ya fi taurin kai ban haushi.

Ana saura kwana goma hawan bazara, lokacin da beyar take fitowa daga rami, bakin mashin Baba ya dakushe. Ya ce, "Kai wa sojan nan." Na ce ƙafata tana ciwo. Ƙarya nake yi, ya kuma san ƙarya nake yi, amma ba ya yarda kowa ya taɓa mashinsa in ba ni ba. Dole ya taka da kansa, ni kuwa na bi bayansa da ƙafata mai ciwon.

Sakuzo ya miƙe ya rusuna, ya shimfiɗa masa tabarma. Ya gyara mashin tsaf. Sannan ya sauko da bindiga ɗaya, ya ajiye a gabansa.

"Baba, in ka ba ni dama, abu ɗaya zan nuna maka."

Baba bai ce e ba, bai kuma tashi ba. Sakuzo ya ciro wani tsohon kwanson harsashin soja, ya buɗe sakata ya jefa shi. Ya girgiza bindigar, kwanson yana ta yawo a ciki ƙwal-ƙwal. Ya karkata ta ya faɗo. Ya saka na tagulla, ya zauna daram.

"Ba ta san wancan ba yanzu," ya ce. "Na kankare mata harshen can gaba ɗaya. Ba ta kaiwa nesa, sai ka matso inda dabba za ta gan ka, kamar taka. Na dutse kawai ya rage ta koya."

Baba ya daɗe yana kallon bindigar ba tare da ya taɓa ta ba. Ya ce, "Ita ta manta. Kai fa?"

Sakuzo ya sunkuyar da kai. "Ni ban manta ba, Baba."

Nan fa na fashe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma Naka ta ce har gidanta ta ji. Na ce masa shekara goma mutumin nan yana wasa maka mashi, yana liƙe maka tukunya, jikokinka uku suna ɗauke da hancinsa, kai ko sunansa ka kasa furtawa. Na ce in wari ne, ni nake wanke masa riga, ban ji komai ba sai gawayi. Na ce in kana so beyar ta ƙarasa ɗaya kafaɗar, ka nemi mai ɗinki tun yanzu, ni na ajiye allura.

Baba ya jira na gama, ya juya ga Sakuzo kamar ba ni a wurin. "Haka take yi maka kullum?"

"Ba kullum ba, Baba. Wata rana tana barci."

Na rantse gefen bakin Baba ya motsa. Ya ɗauki mashinsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Muna neman mai ɗaukar tukunya. In kana so ka rataya abin naka ka biyo mu. Ba mai harba ta. In Uwar Dutse ba ta so, za mu sani."

Saura koyon kalmomi. Heikichi ya riƙa jan shi can bayan gonaki yana karanta masa, don ba a faɗar su cikin gari. Amma mijina, wanda yake iya gane ƙarfe da ƙararsa, kansa ba ya riƙe magana. Ya dawo yana cakuɗa sunan ruwa da na shinkafa. Da na ga za a kore shi tun ranar farko, sai na ja shi bakin rafi ina wankin kayan miya, na ce, "Tukunya?" Ya kasa. Na faɗa masa. Ya zaro ido.

"Riyo! Wa ya koya miki?"

"Ba ruwanka. Wuta?"

Kwana tara muna wannan. A sama ba a cewa Baba, shikari ake cewa, wannan na nanata masa ya fi sau ɗari.

Suka hau su takwas. Na ɗaure masa dunƙulen shinkafa, na tsaya a ƙarshen gona ina kallon dogon bayansa da tukunya a goye da bindiga a rataye, shi ne na ƙarshe a layi. Kullum da safe sai in leƙa hanya, ina tsoron in gan shi yana saukowa shi kaɗai. Kwana ɗaya, biyu, uku, ba kowa. A rana ta biyar da hantsi yara suka kwaso ihu, an sauko da beyar.

Na fita da gudu. Ga nama, ga fata baƙa wuluk da farin tabo a ƙirji, ga maharba suna washe baki. A can baya ga Baba ga Sakuzo, kowanne a naɗe da bargo, leɓɓansu sun yi shuɗi, suna atishawa bi da bi. Bindigar kuwa a kafaɗar Baba take.

Ban tsaya murna ba. Na tura su ɗaki, na shimfiɗa musu a gefen murhu, na dafa miyar miso da citta. Sannan na damƙi Heikichi na ce ba zai fita ba sai ya faɗa min me aka yi musu. Ba sai an roƙe shi ba, dama cikinsa ya kusa fashewa.

Ya ce a rana ta huɗu suka ga sawu. Masu kora suka zagaya ta ƙasa suna ihu, Baba ya tsaya a kan tudu inda dabbar za ta ɓullo, ya ajiye Sakuzo a bayansa da tukunya don kar ya ɓata wa kowa aiki. Rana ta yi zafi, ƙanƙarar rassa tana narkewa tana ɗiga. Beyar ta ɓullo ta gefen da ba a zata ba, ta bayan wani kututture, Sakuzo ne ya fara ganin ta. Ya dubi bindigar Baba, sai ya ga lagwanin ya jiƙe, ko hayaƙi babu.

"Sai surukinmu ya buɗe baki," in ji Heikichi, "shi da ba a jin muryarsa a ɗaki ɗaya, ya kwarara ihun da ya cika kwari: 'Baba! Beyar! Karɓi bindiga!' Ni ina can ƙasa na dafe kai, na ce shi ke nan, ya zubar da kalmomin ƙauye uku a numfashi ɗaya."

"To sai Baba ya karɓa?"

"Wa? Wannan tsohon? Dabba tana hawowa tana huci, taki arba'in tsakaninsu."

"Ɗari," in ji Baba daga cikin bargo.

"Taki arba'in, Kawu. Bai ko waiwaya ba, ya ce, 'In karɓi me?' Surukinmu yana miƙo ta, kalmar ta gudu. Ya faɗi sunan tukunya. Ya faɗi sunan shinkafa. Kawu ya gyara riƙon mashi. Sai da ta rage taki ashirin sannan abin ya faɗo masa, ya faɗi sunan da ba a faɗa a nan."

"Shirobire," na ce.

Baba ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya mayar ya rufe. Heikichi ya yi tari ya ci gaba, kamar bai ji ba.

Ya ce Baba ya miƙa hannu baya, Sakuzo ya ɗora masa ita da harsashi a ciki. Harbi ɗaya, a kan farin tabon. Da aka gama yi wa dabbar addu'ar sallama kamar yadda aka saba, aka sauka bakin rafi. Duk sun san abin da ya rage. Sakuzo da kansa ya sauke tukunyar ya ajiye, ya ɗaure takalminsa, yana jiran a nuna masa hanya.

"Sai Kawu ya dube shi ya ce, 'Ina za ka? Tuɓe.'"

Tukunya uku Baba ya kwara masa da hannunsa, ruwan da ƙanƙara take yawo a ciki. Heikichi ya ce a ta farko Sakuzo ya yi ƙara, a ta biyu ya yi shiru, a ta uku ba a san ko kuka yake ko dariya ba, don fuskar duk ruwa ce.

"To shi na ji," na ce. "Baba fa? Rafi ya faɗa?"

Heikichi ya kwashe da dariya har yana dukan tabarma. Ya ce bayan harbin, hayaƙi bai gama bajewa ba, Baba ya juya bindigar a hannunsa, ya ja sakata, kwanso ya fito da kansa, sai aka ji ya ce, "Kai! Bindigar nan tana da baki." Shekara hamsin yana hawan dutse bakinsa bai taɓa suɓucewa ba sai ranar. Kowa ya ji, ba wanda ya isa ya ce ya ji. Amma da ya gama wanke Sakuzo, sai ya kwance ɗamararsa, ya tuɓe, ya cika tukunya, ya wuce maharba shida da suka girma a hannunsa ya miƙa wa maƙeri. Ya ce, "Sakuzo, guda ɗaya ce tawa. Kar ka rage."

Ni a lokacin haushi bai bar ni na ji daɗin labarin ba. Ina ganin tsoho mai shekara sittin da bakwai da miji mai ƙirji kamar na kaza suna karkarwa a ɗakina. Na ce, "To madalla! Mutum ya ceci ranka, ladansa ka jiƙa shi da ƙanƙara? In ya mutu fa, kalmomin naku ne za su ciyar da yaran?"

Sakuzo ya zaro hannu daga bargo ya kama bakin zanina. Haƙoransa suna haɗuwa, da ƙyar maganar ta fito. "Riyo," ya ce, "baƙo ba a wanke shi."

Sai na zauna. Na ce hayaƙin murhu ne ya shiga min ido, ba wanda ya ƙaryata ni.

Kwana goma suka yi a kwance gefe da gefe, suna gardama a kan takin nan, arba'in ne ko ɗari. Da suka warke Baba ya zo maƙera da ƙafarsa, ya ɗauki bahon garin ƙarfen, ya hau da shi shi kaɗai. Bai faɗi inda ya binne shi ba. Daga nan duk shekara haka ake yi, har Baba ya rasu Heikichi ya gaje shi. Sakuzo ya sauya wa bindigogi harshe ban san adadinsu ba, har daga kwaruruka uku ake kawo masa. Duk bazara yana hawa da su da tukunyarsa a baya, ana ba shi kason nama daidai da na kowa, ni kuwa matan ƙauye ba su fasa tsokanata ba, don har yanzu ba shi ya harbo ba. Mun ci, mun ƙoshi, mun aurar da yara. In aka ce in sake zaɓa, wuƙar nan zan sake bugawa a dutse.

Ya rasu da kaka, yana da saba'in da uku, bayan ya share maƙera ya jera kayan aikinsa. Na ɗora ruwa a wuta don wankan gawa, sai na nemi Heikichi na rasa. Sai bayan azahar ya shigo, tsoho tukuf yana haki, da tsohuwar tukunyar nan a goye, cike da ruwan rafin sama. Maharba huɗu suna biye da shi.

Na ce, "Kawo in ɗan ɗumama masa. Ka san ƙirjinsa."

Ya ce, "A'a, Riyo. Da sanyinsa ya san shi."

Na sauke nawa ruwan daga wuta, na fita na ja musu ƙofa.